Motar da ke Bin Sawun Tirela

Ina shekara ta uku a gareji aka kawo mana wata BMW mai ƙofa biyu, irin mai kwanciyar nan a ƙasa kamar ƙadangare. Mai ita, wani matashi daga Samaru a nan Zariya, ya miƙo makulli ya ce, "Bakanike, motar nan ja take yi." Ban tambaye shi komai ba. Na kai ta wurin masu alaimen, wato masu saita tayoyi, a Sabon Gari, aka daidaita, ya biya. Kwana biyu sai ga shi ya dawo, fuska a murtuke.

Maigidana yana zaune a kan benci, ya ce masa, "Samari, wane ɓangare take jan ka?"

"Wallahi Baba, wani lokaci dama, wani lokaci hagu."

Maigida ya juyo ya kalle ni kawai. Na gwammace a ce zagina ya yi.

A ranar na gane kalmar "ja" cuta biyu take ɗauke da su. Akwai motar da ke karkata gefe ɗaya kullum, ko a kwalta mai sumul. Wannan ana fara mata da abin da ba ya cin kuɗi: a sa giji a auna iska, don taya mai 26 da mai 34 ba za su tafi daidai ba. Sai a yi ɗan gudu a tsaya, a kai hannu kusa da rim; wanda ya fi zafi, birkinsa ne ke riƙewa. Sannan a musanya tayoyin gaba, na dama ya koma hagu. In jan ya juya, laifin taya ne, ko da ka yi alaimen sau goma. A kula dai, akwai tayoyin da aka zana wa kibiya, ba sa yarda a juya su haka kawai. Sai duk wannan ya wuce ake zancen kamba da kasta, wato kusurwoyin tsayuwar taya da ake dubawa wurin alaimen. Kar kuma a manta titi kansa yana da gangara domin ruwa ya zurare, kuma tun 1972 a hannun dama muke tuƙi, saboda haka ɗan zamewa dama a hankali ba cuta ba ce.

Ta biyun ita ce ta wannan yaron. Muka shiga motar mu uku, maigida ya ce in nufi Kwangila in ɗauki hanyar Kano. Muna hawa inda tireloli suka tausa kwalta ta yi kwari, sitiyari ya fara fizga a hannuna, motar na bin sawun kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Da muka samu wuri mai laushi sai ta natsu, ko motsi babu.

Muna dawowa maigida ya tsuguna ya nuna mini rubutun jikin tayar: 255/30 R19. Faɗinta milimita 255, tsawon gefenta kuma kashi 30 cikin 100 ne kawai na faɗin. Taya mai faɗi da gajeren gefe ba ta lanƙwasa ta shanye kwarin hanya, sai ta miƙa shi kai tsaye ga sitiyari. Ashe yaron ya cire rim ɗin da motar ta zo da shi, ya sa manya don ado, har da faifan ƙarfe a bayansu don tayoyin su leƙo waje. Ni dai har gobe ban ga kyan wannan adon a titunan Zariya ba. Da muka ɗaga ta a jak, maigida ya sa ƙarfe ya ɓanɓari hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota, sai ga bushin, robar da ke mahaɗinsa, ya tsage yana wasa.

Muka canza bushin biyu, muka cire faifan, aka sake alaimen. Rim kuwa ya ce atafau ba zai rabu da su ba.

"To ka riƙa kama sitiyari da hannu biyu," in ji maigida, ya miƙa masa makullinsa.