Inda muka kai ni da Duna a maganar keji

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwon manyan karnuka. Karena Duna ya shiga wata 5 yanzu, irin Rotwaila ne, kuma alhamdulillahi ya fara shiga keji da ƙafarsa ba tare da na ja shi ba, da na ce "shiga" sai ya wuce ya juya ya kwanta yana jiran ladansa.

Kejin walda aka yi min, rodi da raga na siyo a kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano na kai wa mai walda. Na ce ya yi tsawon inci 48 saboda namijin Rotwaila in ya gama girma yana kai kilo 50 zuwa 60, kun ga ba wai yau za a duba ba. Ƙa'idar dai ita ce kare ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Amma tunda yanzu ƙarami ne sai na sa katako na raba kejin biyu, don in fili ya yi masa yawa zai mayar da lungu ɗaya banɗaki ya kwana a ɗayan. Yana girma ina matsar da katakon. Dan Allah ku sa mai walda ya goge duk inda ya ɗana ƙarfe ya yi sumul, kuma kar ku bari ƙasan ya zama rodi zalla, babban kare nauyinsa a gwiwa yake sauka, kanta yake yi har ya zama gyambo. Ni katako na shimfiɗa na ɗora tsohon bargo, shi ma ina kakkaɓewa ina shanyawa saboda kaska.

Yadda muka fara kuwa, ƙofa a buɗe na bari, kwanon abincinsa a bakin keji, kullum ina ɗan tura shi ciki har ya kai ƙurya. Sai na koma rufewa yana ci ina buɗewa da ya gama, daga baya na riƙa ƙara 'yan mintuna ina zaune a gefe, sannan na fara tashi in ɓace masa. In yana kuka ba na buɗewa sai ya ɗan yi shiru ko da na daƙiƙa kaɗan ne, in ba haka ba zai gane kuka ne mabuɗi. Sai dai kukan fitsari daban yake, wannan kam a fito da shi. Lissafin da ake yi wa kwikwiyo shi ne watanninsa a ƙara ɗaya, wato ɗan wata 4 kar ya wuce awa 5 a kulle a keji, ni ko kusa ba na kai shi nan da rana.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar nan tamu ta kulle kare tun asuba har dare wai don ya yi zafi. Wlh wannan zalunci ne, kuma karen da aka yi wa haka ba gadi yake koya ba, tsoro da cizo yake koya, ranar da ya kuɓuce mai ruwa ko almajiri ko yaron maƙota zai fara kamawa. Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Ni ba na sa Duna a keji don ya yi laifi, yana shiga ne lokacin barci, ko in an yi baƙi, ko yara za su fita Islamiyya get a buɗe.

Sai zafi. Kano a watan Afrilu tana taɓa digiri 40, ga Duna baƙi ne, ga kare ba ya gumi kamar mu sai dai haki. Keji ƙarƙashin kwano tsirara tanda ce. Nawa yana ƙarƙashin darbejiya ta gefen da iska ke bi, ruwa a kwanon da na ɗaure da waya don kar ya kifar, kuma ina cire masa abin wuya kafin ya shiga saboda yana iya maƙalewa a raga.

Inda muka tsaya yanzu, da an ƙwanƙwasa get sai ya hau haushi yana tonon ƙofar keji. Na fara sa ƙanena ya ƙwanƙwasa da gangan, in Duna ya yi shiru in miƙa masa ɗan nama. Wanda ya wuce wannan matakin ya faɗa min yadda ya yi.