Abin da sababbin dokokin hanya suka canza a koyarwata

Na yi shekaru ina zaune a kujerar gefen direba ina koyar da tuƙi, kuma na daɗe ina ɗaukar dokar hanya tamkar karatun da ake haddacewa sau ɗaya a gama. Abin da malamina ya ba ni, shi nake miƙa wa ɗalibaina. Sai da na zauna na bi sauye-sauyen da ƙasashe suka yi a 'yan shekarun nan, sannan na ga ashe alƙibla ɗaya suka fuskanta. A da hankalin doka ya fi karkata ga wanda ke cikin mota, yanzu ya koma kan wanda ke wajenta.

Birtaniya ce ta fi fito da abin fili. A Janairun 2022 ta gyara kundin ƙa'idojin hanyarta, ta ce wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna, shi nauyin kiyayewa ya fi hawa kansa. Direban tirela ya kula da mai ƙaramar mota, mai mota ya kula da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙasa. In za ka wuce mai keke, ka bar aƙalla mita 1.5 tsakaninku. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin a titi akasin haka muka saba gani: babba ya danna hon, ƙarami ya kauce.

Batun rage gudu kuwa, da farko ban gamsu ba. Sifaniya ta mayar da titunan cikin gari masu layi ɗaya a kowane hannu zuwa kilomita 30 a awa a 2021, yankin Wales na Birtaniya ya koma mil 20 a awa a unguwanni a Satumban 2023. Na ga kamar takura ce, har sai da na yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Ka sunkuya ka duba saƙo na daƙiƙa biyu, ka shafe mita 28 ba ka ga hanya ba. Shi ya sa da Birtaniya ta faɗaɗa haramcin riƙe waya a Maris ɗin 2022, ya haɗa da ɗaukar hoto da lalubo waƙa, ban ga an wuce gona da iri ba.

Amma darasin da ya fi zama mini a rai ƙarami ne. Wata ɗalibata ta faka tsaf, ta kashe mota, ta bankaɗe ƙofa. Wani mai keke ya ja birki har tayarsa ta baya ta ɗaga, saura ƙiris ya daki ƙofar. Jikinta na ɓari ta ce, "Wallahi Malam ban gan shi ba." Ba laifinta ba ne. Na koya mata giya da kwana da ribas, ban taɓa koya mata fita daga mota ba.

Gyaran Birtaniya na Janairun 2022 ɗin nan ya ba da shawarar a buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dabarar da aka san Holan, ƙasar masu keke, da ita. Hannun na miƙawa, kafaɗa ta juya, ido ya kai baya ko ba ka yi niyya ba. Yanzu ranar farko, tun kafin ɗalibi ya taɓa sitiyari, nakan sa shi ya shiga ya fito sau biyar da wancan hannun, ni kuma ina tsaye a bayan motar ina jiran idonsa ya haɗu da nawa.