Laraba, a ɗakin ajiye kati

Ƙarfe takwas na shiga ɗakin ajiye kati, na tarar dattijon da ke kula da wurin ya riga ya fito mini da tarin fayil. Ya ce, "Likita, ga na yaran da kika ce, sai haƙuri da ƙura." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri."

Hotunan ƙashi (X-ray) da ke cikin fayilolin nan babu wanda aka ɗauka don bincike. Wani daga bishiyar mangwaro ya faɗo, wani babur ya kaɗe shi, aka yi masa hoton hannu a ga ko ya karye. Su nake tattarawa da izinin kwamitin asibiti, ina cire suna ina sa lamba, ina ware waɗanda karaya ta taɓa wuyan hannu.

Abin da ya sa ni wannan aiki shi ne ranar da kotu za ta aiko da matashi marar takardar haihuwa, a ce mu faɗi ko ya cika shekara 18. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce wanda bai kai haka ba yaro ne, kuma shari'arsa daban take. Mu kuwa da me muke aunawa? Da kundin hotunan ƙashi na Greulich da Pyle, bugun 1959, wanda aka gina a kan 'ya'yan Turawa masu hali na birnin Cleveland a Amurka, a shekarun 1930. Yaron da ya tashi a ƙauye, ya sha fama da zazzaɓi da ƙarancin abinci, ba lallai ƙashinsa ya haɗe a lokacin da nasu ya haɗe ba. Wannan nake son in gwada.

Bayan azahar na zuba bayanan a SPSS, manhajar lissafi ta kwamfuta, na sa ya zana mini jadawalin shekaru. Gabana ya faɗi. Sanduna uku sun yi tsiri sun bar sauran: 10, 15, 20. Na san wannan. Uba ne ya ce "zai kai sha biyar", ko mai yanka kati ya dubi fuska ya rubuta. Kwamfuta ba ta san haka ba, da na ce ta ci gaba sai ta ba ni sakamako tsaf. To yaya zan gwada kintacen ƙashi da kintacen fuska?

Na kai wa malamina. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin zai ragu sosai." Ya ce in riƙe masu cikakkiyar ranar haihuwa kawai, ko da kaɗan ne. Raina bai so ba, wata biyu nake shigar da su, amma gaskiyarsa ce. Wani ɗan mutane ne za a yanke wa hukunci da lissafin nan.

Gobe da safe zan je wajen sista a ɗakin haihuwa, in roƙi tsofaffin rajista, in nemo waɗanda a nan aka haife su.