Da man shanu na gyara darasin da ƙanƙara ta ɓata min

Wata yarinya 'yar aji shida ce ta jefa ni cikin wannan aiki, a lesin ɗin yamma da nake yi a Gwale. Muna kan darasin narkewa sai ta ɗaga hannu: "Malam, ƙanƙara na narkewa, ƙarfe ma haka. Shi firoton fa, in aka yi ta hura masa wuta?" Firoton dai ɗaya ne daga cikin mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke tsakiyar atam, wato ƙwayar zarrar da komai ya ginu da ita. Na ce ta ba ni zuwa Asabar.

Ashe yana narkewa. A cikin kowane firoton akwai ƙwayoyin da ake kira kwak, ɗaure tamau da wasu da ake kira guluwon, in zafi ya kai wani mizani ɗaurin sai ya saki. Masana suna rubuta mizanin da ma'aunin makamashi, kimanin MeV 156. Da digiri ne, da man gyaɗan mai ƙosai ya isa. Kowane MeV ɗaya daidai yake da digiri biliyan 11.6 a ma'aunin Kelbin, na ninka sai ga tiriliyan 1.8. Sau uku na maimaita lissafin da fitilar waya, an ɗauke wuta, don sifilan sun tsorata ni. Zafin can cikin curin rana kanta digiri miliyan 15 ne, kenan wannan ya ninka ta kusan sau 120,000.

Ran Asabar na shigo da ƙanƙara a leda, ina ta kuri: ga yadda firoton ke yi. A nan na tafka kuskure, ban gane ba sai da na koma karatu. Ƙanƙara tana da iyaka guda, tana tsayawa cak a digiri 0 na Salsiyas har ta gama zama ruwa. Su kuwa kwak, lissafin manyan kwamfutoci da aka fitar a 2006 ya nuna ba su da irin wannan iyakar, a hankali suke sakin jiki. Wannan 156 ɗin tsakiyar sauyin ne kawai.

Mako na gaba sai na zo da man shanu a ƙaramar ƙwarya, na ajiye a bakin taga cikin ranar Afrilu. Na ce duk wanda ya ga daƙiƙar da ya daina zama daskararre ya yi magana. Suka zuba ido, ya yi laushi, ya kwanta, ya malale, babu wanda ya iya cewa yanzu ne. Na ce musu na janye ƙanƙarata.

Na ƙara musu da cewa a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka an gwara ƙwayoyin zinare, a 2005 aka sanar cewa abin da ke fitowa, wato kwak da guluwon da ɗaurinsu ya saki, yana malala kamar ruwa, a 2010 aka auna zafinsa ya kai digiri tiriliyan 4.

Yarinyar ta sake ɗaga hannu: "To Malam, da wane ma'aunin zafi suka auna bai ƙone ba?" Wannan kam na shirya mata. Daga hasken da abin ke fitarwa ake lissafa shi, kamar yadda maƙeri ke gane zafin ƙarfe daga launinsa.