Cocin Katako na Ƙauyen Greensted

A ƙauyen Greensted da ke gundumar Essex ta Ingila akwai wata ƙaramar coci da ta daɗe tana burge ni, domin bangonta na gumagumai ne da aka tsaga gida biyu aka jera su a tsaye. Binciken zoben shekaru da ke jikin itatuwan ya nuna cewa a ƙarni na 11 aka sare su, shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin cocin katako mafi daɗewa a duniya. A 1848, da gindin gumaguman ya ruɓe, sai aka datse su aka ɗora su bisa tubali, gyaran da nake ganin shi ya ceci ginin. Har yau mutanen yankin suna ibada a cikinta.