Abin da murza takarda ya koya mini

Injin da muke murza takarda da shi ɗan ƙarami ne: ƙarafa biyu masu haƙora da mariƙin juyawa, kamar dai injin taliyar murji. Ka saka takarda sumul, ta fito layi-layi, tudu da kwari. Dabarar ba ta yau ba ce. A 1856 aka yi mata rajista a Ingila don cikin dogayen huluna, a 1871 kuma Albert Jones na New York ya mayar da ita abin naɗe kwalabe. Mu katin biki muke ƙawatawa da ita.

Babban abin da na koya shi ne takarda ma tana da inda ta fi so a bi da ita. Tun daga masana'anta zaruruwan cikinta wuri ɗaya suke fuskanta. Ɗan lanƙwasa ta ta tsawo, sannan ta faɗi. Inda ta fi saurin miƙa wuya, nan zaren ya kwanta. In layukan murjin suka bi zaren, sai su fito tas. In suka gicciye shi, kwali mai kauri yakan tsage a kan tudun, balle da hunturu da komai ya bushe ƙayau. Da damina kuwa laima ce ke kwantar da tudun, shi ya sa nake ajiye takardun cikin leda a ɗaure.

Takardar firinta mai giram 80 (nauyin kowane murabba'in mita na takardar ke nan) ba ta riƙe murji, yatsa kawai ya isa ya baje ta. Mai 300 kuma da ƙyar take wucewa. A hannuna, tsakanin 120 da 160 ta fi daɗin aiki.

Rubutu da hatimi kafin murji ake yin su, don tawada ba ta sauka cikin kwarin. Yanka kuwa sai bayan murji, tunda takardar takan tsuke ta rage tsawo. Gam mai ruwa kada ma a kusance shi. Salatif mai fuska biyu ya wadatar.

Iyayen amarya sukan ce a murje katin gaba ɗaya, wai ya fi nuna an kashe kuɗi. Nakan ce, "Hajiya, to a ina za a karanta ranar ɗaurin auren?" Siririn yanki ɗaya a gefe nake sawa, sauran fuskar a bar wa rubutu.