Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Masu Cewa "Ɗan Ba Ni In Gwada"

A makon jiya na tsaya a inda kaya suka iso Kano. Na'urar hawana mai taya ɗaya da ke aiki da lantarki kuwa, ban taho da ita daga China a jirgin sama ba, domin ba sa ɗaukar batirin da ya haura 160Wh (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa), nata kuwa 480 ne. Kwantena ta biyo ta Legas, a tsakiyar dilolin yadin maigidana.

InMotion V8 ce, ƙirar birnin Shenzhen na China. Taya ɗaya tal mai inci 16, da wurin ɗora ƙafa hagu da dama, babu kujera babu abin riƙewa. Nauyinta ya kusa kilo 14, gudunta kilomita 30 a awa. Ka karkata gaba ta tafi, ka karkata baya ta tsaya, na'urar da ke cikinta ce ke tare ka kada ka kifa. Amma faɗuwar gefe, wannan tsakaninka da ƙafafunka ne. A Guangzhou na saye ta, don tun 2007 aka hana babur a tsakiyar birnin, ni kuwa aikina kullum zirga-zirga tsakanin unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, ina raka 'yan kasuwarmu sayen kaya.

Ranar da na fara fitowa da ita, masu adaidaita sahu har rage gudu suke yi suna leƙe. Duk inda na tsaya sai an kewaye ni, maganar kuma ɗaya ce: "Malam, ɗan ba ni in gwada mana." Ni kuwa ina bayarwa. Yaya Babba ta yi faɗa, mai ɗakina ta yi, ban daina ba.

Dalili shi ne Kawu. 'Yan gidanmu sun san keken nan nasa Raleigh, wanda ya naɗe da leda har ƙarfen baya. Ina aji uku na firamare na shafa ƙararrawarsa, shafawa kawai, ya buge min hannu a gaban yaran layi, ya ce hannun da ya sha miya ba ya taɓa kayan Ingila. A wurin mai haya na koyi keke, da kuɗin tarar da nake ɓoyewa. Daren da abin ya faru Baba, Allah ya jiƙansa, bai ce wa ƙaninsa komai ba. Ni ya kira ya ce, "Abin hawa rabinsa naka ne, rabinsa na mai tafiya a ƙasa."

To amma bayarwar tana da ƙa'ida, don na san abin da ta yi wa ƙwaurina lokacin da nake koyo a jikin bango. Ba na ba mai silifas. Mai doguwar riga sai ya tattare ta ya ɗaure a ƙugu. In sa masa hular kwano, in rage gudun ta waya, in ɗaura igiya a mariƙinta don kada ta kuɓuce ta bugi wani. Sannan ya dafa kafaɗata mu taka tare. Kuma ba a bakin titi ba, sai fili irin na sukuwa da yamma.

A can ne wani dattijo, gemu fari fat, ya daɗe yana kallo kafin ya matso.

"Yaro, wannan abin aljanu ne ko na mutane?"

"Na mutane ne, Baba. Bismillah, ku dafa ni."

Ya cire hularsa ya miƙa wa jikansa. Ƙafarsa tana karkarwa, yatsunsa sun nutse a kafaɗata, yana ta salati. Da tayar ta motsa da shi sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya sauka ya sa min albarka mai tsawo, ya ce rabonsa da irin wannan daɗin tun yana hawan jakin mahaifinsa. Rabin mai tafiya a ƙasa ke nan da Baba yake faɗa.

Ba kowa ne ya san girman aro ba. Wani matashi ya sha rantsuwa cewa ya iya, ya fizge daga hannuna, ta yi ta ƙarar gargaɗi bai saurara ba, sai ga shi a ƙasa, murfinta ya tsage. Ya kakkaɓe wandonsa ya wuce ko sannu. Da labari ya isa gida, wa zai fara magana in ba Kawu ba? Wai ai shi ya sa bai taɓa ba da kekensa ba. Keken da tsatsa ta cinye a zaure, babu yaro ɗaya a zuri'armu da zai ce a kansa ya koya! Na yi shiru saboda girmansa, amma har yau in na tuna bugun hannun nan sai na ji zafinsa.

Na ɗaure murfin da salatif na koma fili washegari. Almajirai biyu ne suka fara hawa.

Bayan sallar layya ta wannan shekarar sai ga autan Kawu ya yi sallama a ƙofar gidana, yana sunkuyar da kai, wai babansa ne ya turo shi in koya masa. Yadda muka yi da shi, da abin da Inna ta ce da ta ji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.